Zama a Tsohuwar Mota Mai Ɗaki: Araha ko Tsada?

Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, wasu Amurkawa da haya ta gagara sun tare cikin tsofaffin motoci masu gado, madafa da makewayi. Sayen irin wannan mota da sauƙi, riƙonta ne aiki. Babba takan sha kimanin lita 30 ta fetur a kilomita 100. Ko tana ajiye, hasken rana da iskar ozon suna tsattsaga robar taya, shi ya sa kamfanin Michelin ya ba da shawarar kada taya ta wuce shekara 10. Yoyon rufi kuma yakan ruɓar da katakon jikinta a ɓoye. Saboda haka wanda bai tanadi kuɗin gyara ba, ranar da inji ya buga, mota da gida ya rasa gaba ɗaya.