Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa: Bayani A Kan Faɗan 'Yan Zomaye

Sau da yawa mutum yakan sayo wa yaransa 'yan zomaye biyu, 'yan ciki ɗaya, ya zuba su akurki ɗaya. Su yi makonni suna kwana jikin juna, suna lasar juna, suna cin harawa tare. Ran nan sai a wayi gari a tarar da gashi warwatse, kunnen ɗaya a yage. Maigida ya ce baki ne ya kama su, ko kuwa ya ɗora wa yara laifi. Alhali kuwa balaga ce ta zo.

Mai kiwo ya sani, zomon gida ba jinsin zomon daji ba ne. Asalinsa daga ƙasar Andalus yake, watau Sifen da Fotugal na yau, inda danginsa ke zaune jama'a-jama'a cikin ramuka, kowa da matsayinsa, kowace uwa tana tsaron bakin raminta. Wannan ɗabi'a tana kwance cikin ɗan zomo har ya kai wata 3 ko 4, sa'an nan ta farka. Manyan iri sukan jinkirta zuwa wata 6 ko fiye.

Alamunta ba su ɓuya. Zomo yakan riƙa goga haɓarsa a jikin kwano da ƙofa, domin akwai wani wari a ƙarƙashinta da yake shaida kayansa da shi. Namiji yakan fesa fitsari. Ɗaya ya kori ɗaya, ya hau shi, ya fizgi gashinsa. Hawan nan sau da yawa neman girma ne, shi ya sa har mace takan hau 'yar'uwarta. In abin ya tsaya a kora da ɗan fizge, kuma duka biyun suna cin abinci, sai a ƙyale su, a sa ido. Amma in suka sarƙe suna juyi suna cizo, lalle a raba su nan take, da faifai ko katako, kada a sa hannu. Maza biyu sukan nufi marainan juna da haƙori, kuma miki a jikin zomo yakan tara mugunya mai kauri, mai wuyar warkewa. Zomo mai tabo kuwa, kowane ɗan kasuwa ya san abin da za a taya shi.

Akwai wata asara da ta fi wannan. Wa yakan yi wa ƙanwarsa ciki tun ba ta gama girma ba. Cikin zomanya kusan kwana 31 ne, kuma tana iya ɗaukar wani ran da ta haihu. Saboda haka dabara ita ce a ware maza daga mata tun suna mako 10, kafin rigima ta taso.

Wanda ke son su ci gaba da zama tare, sai ya kai su wurin likitan dabbobi a yi musu fiɗiya. Amma fa namiji yana iya ba da ciki har mako 6 bayan aikin, don haka kada a yi gaggawa. In lokaci ya yi, a fara ajiye su keji biyu kusa da juna, suna gani suna shinshina. Sa'an nan a gama su a wurin da babu wanda ya taɓa zama cikinsu, na ɗan lokaci kowace rana, da kwano biyu, da maɓoya mai ƙofa biyu don kada a rutsa da mai gudu. Ran da suka koma lasar juna, sulhu ya tabbata.

Abu na ƙarshe: zomo mai ɓoye ciwo ne. Wanda ya yi zafin rai farat ɗaya, ko ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, wannan likita yake bukata a ranar, kada a bari sai gobe.