Amsar Wasiƙunku: Rumbun Bayanai A Cikin Kwantena

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya rubuto yana cewa ɗansa mai koyon haɗa manhaja ya kafa "rumbun bayanai a cikin kwantena" a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, har yana so a kwashe lissafin bashi a zuba ciki. Yana tambaya, shin ya jingine littafinsa ke nan?

To Alhaji, mun gode da wasiƙa. Kar ka jingine littafin nan tukuna.

Shi dai rumbun bayanai manhaja ce mai riƙe lissafi layi-layi, watau sunan mai bashi, buhu nawa ya ɗauka, nawa ya biya. Cikin sanannu akwai PostgreSQL, kyauta ake samunsa, asalinsa daga Jami'ar Kalifoniya ta Amurka. Kwantenar kuwa ba irin ta ƙarfe da ake saukewa a Apapa ba ce, ko da yake daga irinta aka aro sunan. Wata manhaja ce mai suna Docker, wadda ta fito a 2013, ke killace rumbun tare da duk tarkacen da yake bukata, don kada ya cuɗanya da sauran kayan kwamfutar.

Kafa shi ba wuya. Yaron zai sa Docker, ya sauko da samfurin PostgreSQL daga intanet, nan ne kuɗin data ke tafiya, amma sau ɗaya ne. Sai ya ba shi kalmar sirri, ya buɗe masa ƙofa mai lamba 5432 wadda manhajar da yake haɗawa za ta riƙa bi. Daga nan ko babu sabis, aiki zai tafi.

Amma fa Alhaji, ga inda gizo ke saƙar. An yi kwantena ne don a rushe a sake, kamar rumfar zana ranar kasuwa. Idan yaron bai ware wa lissafin ma'ajiya mai suna a wajen kwantenar ba, ran da ya rushe ta ya ta da sabuwa, zai tarar da ita fayau, babu ko sunan mutum ɗaya. Masu koyo da yawa sun sha wannan. Ko ma ya ware, ai ma'ajiyar tana cikin kwamfutar nan ce dai. In aka sace ta a mota, ko shayi ya zube mata, shi ke nan, wa zai ce maka ana binsa? Saboda haka dole a riƙa kwafe lissafin a filashi, a ajiye daban.

Ni a ganina, bar shi ya yi gwajinsa da sunaye da lambobin ƙarya, domin wannan rumbu na koyo ne, kuma bashin mutane sirrinsu ne. Ran da ya ce ya gama, ka ce ya rushe kwantenar a gabanka ya ta da wata, ka duba ko buhunan sun dawo cif.