Sunan Yanka da Babban Baƙi

Aya ta 31 ta Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa Allah Maɗaukaki ya koya wa Annabi Adamu (AS) sunaye dukansu. Ashe koya wa yaro suna ba ƙaramin aiki ba ne.

Yaranmu da suka fara da allo sukan rikice idan sun shiga lakwal, domin rubutun Larabci ba shi da babban baƙi da ƙarami. A boko kuwa, "gari" suna ne gama-gari, amma Maraɗi, Damagaram da Garwa sunayen yanka ne, tilas su soma da babban baƙi. Ga kuma wani tarko: Hausa tana rubuta Litinin da Janairu da babba, Faransanci kuwa "lundi" da "janvier" da ƙarami.

Gyaran daga gida yake farawa. Mu ɗauko takardar haihuwar yaro, ya kwafi sunansa harafi bayan harafi, sa'an nan na mahaifinsa da na garinsu. Wanda takardarsa ta ce Mahamadou amma ya saba rubuta Mamadou, ranar cika takardun jarrabawa iyaye ne za su sha zarya.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.