Tsakanin Sulke da Harsashi: Yadda Ake Huda Tankar Yaƙi

Masu iya magana kan ce kowane allazi da nasa amanu. Tun da Ingila ta fara fito da tankar yaƙi a fagen Somme a watan Satumba na 1916, maƙera makamai suka rabu gida biyu: masu ƙara wa sulke kauri da masu neman hanyar huda shi. Mu a Hausa duk abin da ya fito daga bakin igwa harsashi ne, amma a haƙiƙa iri uku ne manya, kowanne da dabararsa.

Na farko, wanda ake kira APFSDS, ba ya ɗauke da nakiya ko kaɗan. Siririn mashi ne na ƙarfe mai tsananin nauyi, tangistin ko ragowar yuraniyam, wanda ake sanya wa riga don ya cika bututun igwa. Da ya fito sai rigar ta zube, shi kuwa ya wuce da gudun da ya haura mita 1,500 a daƙiƙa. Nauyi da gudu ne ke taruwa a kan ɗan tsininsa, ya ratsa sulke. Da irinsa tankokin Abrams na Amurka suka ragargaza tankokin Iraƙi a yaƙin 1991.

Na biyu, HEAT, bai damu da gudu ba. A cikinsa akwai mazurarin tagulla da nakiya a bayansa. Idan ya fashe, sai tagullar ta matse ta zama tsinke mai gudun kilomita da dama a daƙiƙa. Jama'a kan ɗauka narkar da sulke yake yi. A'a, matsin ne ke sa ƙarfe ya buɗe masa hanya. Da yake ba ya buƙatar babbar igwa, soja guda na iya harba shi daga kafaɗa, kamar RPG-7 da Tarayyar Sobiyet ta fitar a 1961. A yaƙin Oktoba na 1973, sojojin ƙasa na Masar sun yi wa tankokin Isra'ila mummunar ɓarna a Sinai da makamai masu wannan kai.

Na uku, HESH, wanda Ingila ta daɗe tana riƙo da shi, ba ya huda komai. Nakiya ce mai laushi da ke mannewa a jikin sulke sannan ta tashi, girgizar ta ɓamɓaro gutsattsarin ƙarfe daga ciki su afka wa mazauna tankar.

Su ma masu sulke ba su naɗe hannu ba. Sun haɗa ƙarfe da tangaran hawa-hawa, sannan suka jera akwatunan nakiya a jikin tanka masu fashewa waje su karya tsinken tagulla, kamar yadda Isra'ila ta yi a Lebanon a 1982. Nan da nan aka ƙera harsashi mai kai biyu: na gaba ya tayar da akwatin, na baya ya shige.

Yaƙin Yukren daga 2022 ya ƙara tona wani asiri. Sulke a gaba yake da kauri, sama kuwa ba shi da shi, sai ga ƙananan jirage marasa matuƙa suna ɗauke da kan RPG suna sara daga bisa. A tankar T-72, wadda Nijeriya ma ta saya, harsasai na jere ne ƙarƙashin mazaunin sojoji, don haka huda ɗaya kan iya cire kan tankar ɗungurungum.

Abin lura ga masu tsara kasafin tsaro shi ne, tankar da ba ta da rakiyar sojojin ƙasa da kariya daga sama, makami mai araha na iya mayar da ita akwatin gawa.