Allurar rufin asiri a duwatsun Kolombiya

A shekarun 1980 aka kawo wa wani matashin likitan ƙwaƙwalwa a birnin Medelin na ƙasar Kolombiya wani mutum da bai cika shekara hamsin ba, amma ya riga ya shiga irin gigin tsufan da ake gani ga 'yan tamanin. Likitan, Francisco Lopera, ya tambayi waɗanda suka kawo shi, suka ce ai haka mahaifinsa ya yi, haka ma kakansa. A ƙauyukansu na kan duwatsun Antiyokiya har suna suka laƙaba wa abin, "la bobera", wato wauta. Wasu sun ɗauka sammu ne, wasu suka ce baki aka yi wa zuri'ar.

Lopera ya bi sawu ƙauye-ƙauye, a lokacin da 'yan tawaye da masu safarar hodar iblis suka mai da hanyoyin yankin abin tsoro. Ya riƙa buɗe tsofaffin littattafan coci na haihuwa da aure da mutuwa, har ya haɗa salsalar da ta koma shekarun 1700. Dangi ne na mutum kusan 6,000, kuma kimanin 1,200 daga cikinsu na ɗauke da wata tawaya a ƙwayar halitta, wadda aka gano a 1995. Kusan duk wanda ya gaje ta, cutar Alzheimer na jiran sa: mantuwa ta fara yana wajen shekara 44, kafin hamsin ya rikice, wajen sittin a kai shi makwanci. Ɗan mai ɗauke da ita kuwa ko ya gada ko ya tsira, rabi da rabi.

Wannan masifa ce ta ja hankalin masu neman magani. Wani furotin mai danƙo da ake kira amiloid yakan fara taruwa a ƙwaƙwalwa shekaru da dama kafin mutum ya manta sunan ɗansa, kuma magungunan da aka gwada a baya sai bayan ɓarna ta auku ake ba da su. To ga mutanen da aka san za su kamu, har an san lokacin. A 2013 cibiyar Banner ta Amurka da kamfanin Genentech da Jami'ar Antiyokiya suka fara gwajin wata allura mai suna crenezumab a kan mutum 252 masu lafiya garau, 'yan shekara 30 zuwa 60.

Sai aka ci karo da matsalar da ba ta magani ba. Yawancin dangin ba sa so a gaya musu ko suna ɗauke da tawayar. Wa zai so a karanta masa ranar da hankalinsa zai gushe, alhali babu abin da za a yi masa? Idan kuwa masu ita kaɗai aka ɗauka, kiran mutum zuwa gwajin ya zama sanarwa ke nan. Saboda haka aka haɗa da waɗanda ba su da ita, kusan kashi ɗaya cikin uku na mahalarta, ana yi musu allurar da babu magani a cikinta. Su ma ba su san matsayinsu ba. Mace ta bar gona ko ta bar uwar da take jinya, ta shiga mota zuwa asibiti, a soka mata allura, a ɗebi jini, a tura ta cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, shekara biyar zuwa takwas ana haka, kuma mai yiwuwa duk amfanin zuwanta shi ne kada ƙanenta ya gane tasa ƙaddarar. A ganina ko a tarihin likitanci da wuya a sami rufin asiri irin wannan.

A watan Yunin 2022 sakamako ya fito. Allurar ba ta hana mantuwa ba, ba ta kuma jinkirta ta yadda za a kafa hujja ba.

Abin da aka kashe maƙudan kuɗi ana nema, sai ga alamarsa a jikin wata tsohuwa cikin dangin. Tana ɗauke da tawayar, amma ta haura saba'in da hankalinta. Da aka kai ta Boston aka duba, sai aka tarar ƙwaƙwalwarta cike da amiloid, amma wani furotin na daban mai kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, tau, bai bazu ba. Ashe ta gaji wata tawayar ta daban daga uwa da uba, wadda ake kira Christchurch, ita ce ta yi mata garkuwa kusan shekara talatin. An bayyana labarinta a 2019. A 2020 ciwon daji ya yi ajalinta tana da shekara 77, 'ya'yanta suka ba da ƙwaƙwalwarta ga ma'ajiyar da Lopera ya kafa a jami'arsa. Shi ma ya rasu a watan Satumban 2024, yana da shekara 73, ana cikin ƙoƙarin haɗa maganin da zai kwaikwayi abin da jikin tsohuwar ya yi da kansa.