Maganin da uwa ta sha, da nauyin da ya biyo baya

A kasuwar Mile 12 ta Legas, inda motocin tumatir da albasa daga Arewa ke sauke kaya tun asuba, mace mai laulayin ciki ba kasafai take fara zuwa asibiti ba. Kemis ɗin unguwa ya fi kusa, ba layi, ba kati. Matsalar kuwa ita ce, gaɓoɓin jariri suna samuwa ne tsakanin mako na 3 da na 8 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Wasu magunguna suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi daidai lokacin da hannu ko ƙashin baya ke tsirowa.

Da wani magani mai suna talidomaid duniya ta gane haka. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi a 1957 a matsayin maganin barci, aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannaye ko ƙafafu. Wanda ya fi shafar mu yau shi ne maganin farfaɗiya mai suna sodium valproate: kusan jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi da ciki yakan zo da tawaya, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya, wasu da dama kuma magana da karatu su yi musu nauyi. Duk da haka, mai farfaɗiya kada ta yanke maganinta da kanta, domin faɗuwa na iya halaka ta da abin da ke cikinta. Likita ne zai sauya mata, zai fi kyau tun kafin cikin ya shiga.

A Jamus an kafa gidauniya a 1972, a Ingila kuma a 1973, suna biyan waɗanda talidomaid ya nakasa kuɗi har yau. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne hujja: an san maganin, an san kamfanin, an je kotu. Wadda ta sayi ƙwayoyi ƙulle a leda ba suna, wa za ta kai ƙara? Shi ya sa a ganina iyali kada su ɓata shekaru wajen neman mai laifi, balle a ɗora wa uwar, ko a ce iska ce.

Hanyar da take buɗe ita ce ta masu buƙata ta musamman, wadda ba ta tambayar dalilin nakasa. Legas tana da dokarta tun 2011, da ofishin LASODA mai yi musu rajista. Dokar tarayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna musu wariya a makaranta da wurin aiki. Asibitin ƙashi na Igbobi yana yin gashin ƙashi da ƙafar roba, kamar takwaransa na Dala a Kano, ga kuma asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja.

Inda gizo ke saƙa shi ne harshe da kuɗin mota. Gashi ba zuwa ɗaya ba ne, ana yin watanni ana komawa, uwar da ba ta jin Yarabanci ko Turanci kuwa takan gaji ta daina. Nan ne fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan gwari za su yi rana: su samar da mai fassara da zai raka ta, su kuma ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don jigila.