Yadda umarni ɗaya ya hana injiniyoyin Facebook shiga kwamfutocinsu na kusan awa shida

Da misalin ƙarfe 4:40 na yammacin Litinin, 4 ga Oktoban 2021, agogon Najeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet a faɗin duniya, kuma ba su dawo ba sai bayan kusan awa shida. Ba kutse aka yi wa kamfanin ba. Abin da ya same shi matsala ce da duk mai kula da sabar ya san ta, wato katse hanyar da shi kansa yake bi ya isa ga kwamfutar da yake gyarawa.

Sabar ita ce babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko manhaja, kuma yawanci tana ajiye ne a cibiyar adana bayanai mai nisa da injiniyan da ke kula da ita. Yana shiga cikinta ta wata amintacciyar hanya da ake kira SSH, wadda Tatu Ylönen, ɗan ƙasar Finland, ya ƙirƙira a 1995. Duk umarnin da ya rubuta yana ratsawa ne ta ƙofar sadarwar sabar, wato katin da ke haɗa ta da intanet.

Idan ya sauya adireshin sabar, sau da yawa sai ya rufe wannan ƙofa ya sake buɗe ta kafin sauyin ya fara aiki. A wasu nau'o'in Linux, umarnin ifdown ke rufewa, ifup kuma ke buɗewa. In ya aika na farko shi kaɗai, ƙofar za ta rufe, layinsa ya yanke, na biyun kuma ba shi da hanyar isa. Sabar tana nan a kunne lafiya lau, amma sai an samu wanda zai je gabanta da ƙafarsa.

Ƙwararru na kauce wa hakan ta hanyoyi uku. Suna haɗa umarnin biyu a layi ɗaya, cikin manhaja irin su tmux wadda ke ci gaba da aiki ko layi ya yanke. Suna kuma ɗana agogon komawa baya: umarnin netplan try na Ubuntu yana dawo da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar da sabon ba, na'urorin Juniper kuma suna yin haka bayan minti 10. Ta uku ita ce ƙofar gaggawa mai layinta daban, kamar iDRAC na kamfanin Dell.

A bayanin da mataimakin shugaban Facebook mai kula da kayan aikin sadarwa, Santosh Janardhan, ya fitar washegari, ya ce an aika wani umarni ne lokacin aikin kulawa na yau da kullum domin auna ƙarfin babban layin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin, sai umarnin ya katse dukkan layin. Manhajar da aka tanada don tare irin wannan umarni tana da matsala, ba ta tare shi ba. Da sabobin da ke nuna wa wayoyi adireshin Facebook suka kasa jin ɗuriyar cibiyoyin, sai suka janye kansu daga taswirar intanet. Hanyar shiga ta yau da kullum da ta gaggawa duk sun mutu tare, dole aka tura injiniyoyi cibiyoyin, inda tsauraran matakan tsaron da kamfanin ya gina don hana ɓarayi suka jinkirta su ma.

A wannan rana Twitter na ƙarƙashin dakatarwar da gwamnatin Najeriya ta yi masa tun watan Yuni, ga shi an rufe layukan waya a Zamfara tun watan Satumba. Masu sayar da kaya ta WhatsApp da 'yan jaridar da ke karɓar rahoto ta can sun ga yadda hanyoyin magana suka taƙaita. Shugaban Telegram, Pavel Durov, ya ce manhajarsa ta samu sabbin masu rajista sama da miliyan 70 a ranar.

Watanni tara bayan haka, a ranar 8 ga Yulin 2022, kuskuren saiti ya durƙusar da kamfanin Rogers na Kanada, har wasu suka kasa kiran lambar agaji ta 911.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yanzu da rajistar zaɓe da lambar shaidar ɗan ƙasa da hada-hadar banki duk suke kan sabar, tambayar da ya kamata a riƙa yi wa hukumomin da ke riƙe da su ita ce ko ƙofarsu ta gaggawa tana kan layi daban, kuma yaushe aka gwada ta na ƙarshe.